Shekarar Magariba Biyu

Har gobe, in na shiga kasuwar Goronyo, sai an samu wani tsohon masunci ya ɗaga murya daga rumfar kifi ya ce, "A'a, Magariba Biyu, yaushe gari?" Ni kuwa in amsa, don suna ne da na saya da hannuna. Na san kun ji shi tun kuna ƙanana, na kuma san kowa da irin labarin da ya ba ku. Wasu sun ce ganganci na yi, wasu sun ce aljani ya shiga akwatina. To ku ji daga bakin mai shi, ɗiyana, tun ina da sauran haƙoran faɗi. Akwai mutum guda da nake so sunanshi ya fita fes daga wanga labari, kuma ba ni ba ne.

Shekaruna na ƙarfi a ɗakin injin wani gidan rediyo na ƙare su, a Sakkwato. Ba ni ke magana ba, ni ke tabbatar da maganar ta fita. A wannan aiki akwai laifi guda da ba a yafewa, shi ne shiru. Ubangidana na farko, Allah ya jiƙan shi, in waya ta tsinke ko kaset ya ƙare ya ji iska ta yi tsit, ko na ƙiftawar ido ne, sai ya jefo ni da duk abin da ke hannunshi yana ihu, "Sa wani abu! Ko mi ne ne, sa!" Haka na tashi, ba na ƙaunar shiru, kullum da tsohon kaset a gefe na toshe rami. Da na aje aiki na dawo Wurno na buɗe 'yar rumfar gyaran rediyo da waya, na baro komi can, amma wagga ɗabi'a ta biyo ni har gida. Ku riƙe ta, don ita ta kada ni.

Yayata, Adda Kulu, ita ce mafarin zancen. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yi min wankan farko na zuwa makaranta. Aure ya kai ta wata tungar masunta a bakin dam, gaba da Goronyo, inda gidaje ba su kai talatin ba kuma babu masallaci mai lasifika. Da tsufa ya zo gwiwoyinta sunka ƙi, ko ƙofar gida sai an kama ta. Na je gaishe ta gab da wani azumi da 'yar tsaraba, ta ture ledar gefe ko buɗewa ba ta yi ba.

"Umaru, ni ba nama nika so ba, ba atamfa ba. Shekara nawa rabona da tafsirin masallacin unguwarmu? In ji Malam na fassara, in ji Baba Ladan ya kira magariba in buɗe baki da muryarshi kamar sadda nike gidanmu. Kai da kac ce aikinka kai magana nesa, to kawo min ita nan in gani."

Baba Ladan, wato Malam Buhari, shi ke kiran salla a masallacinmu na Wurno tun kafin a kawo lasifika garin, yana hawa matakalar ƙasa yana kira da maƙogwaronshi. A shekarar da nake ba ku labari yanar ido ta fara rufe mishi gani, sai dai ba a taɓa kama shi da kuskuren lokaci ba. Matan unguwa da kiranshi suke ɗora tukunya, mu maza da shi muke gyara agogo. Ba ya da gona mai yawa, ba ya da sarauta. Abin da ya mallaka a duniya shi ne a ce, "Ladan ya kira, to lokaci ya yi."

Na rantse wa Adda zan kawo mata. Na fara da abin da kowa zai fara, na aje waya kusa da lasifikar masallaci na kira tata. Ba a minti biyu sai ta yanke. Na gwada turawa ta intanet, nan ma sai Malam ya faɗi kalma ukku ya maƙale, a jira, a jira, sannan ya dawo a tsakiyar wata aya. Sabis ɗin tunga irin na mai wasan ɓuya ne, ya leƙo ya koma. Azumin farko haka ya wuce ina jin kunya. Amma ni kun san ni, in na kafa kai ga abu ko jaki ya san ya samu abokin gardama. Na sayo wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, na zauna da gilashi bisa hanci ina koyon yarenta ina da furfura. Shekara biyu na yi ina ƙona kaya. Na kai gwaji gidan surukaina a Rabah har sau nawa, suna ba ni tabarma suna kallona kamar wanda za a kai wa mai magani.

A ƙarshe dabarar ta fito. Wayar masallaci za ta riƙa yanka magana gutsure-gutsure, ƙanana marasa nauyi, kowane da lambarshi, tana turawa. Akwatin da zan aje a tunga, da 'yar kwamfutar a ciki, yana tarawa duk sadda sabis ya leƙo, ba zai fara faɗi ba sai ya tara abin da zai riƙe shi, sannan ya jera su bi da bi ya sako ta lasifika. Innarku Saratu ta zo ta tsaya bisa kaina ran nan tana tsinkar zogale, ta ce in yi mata bayani da Hausa ba da yaren mahaukata ba.

Na ce, "Mai ruwa yana zo miki kullum bisa lokaci?"

Ta ce, "Ina hwa! Sai ya ga dama."

Na ce, "To kin taɓa kwana da ƙishi?"

Ta ce, "Ina da randa."

Na ce, "To randa na yi wa magana."

Ta yi dariya ta ce ashe shekara biyun nan tukwane nake ginawa. Da na tsaya nan, da yau ba ni da wani suna sai Umaru. Amma shiru ya hana ni barci. Na ce to in sabis ya ɗauke gaba ɗaya fa, randar ta ƙafe? Mutane su taru gaban lasifika ta yi musu tsit? Sai na ƙara wa akwatin umurni guda: in lokacin tafsiri ya yi, ya jira bai ji komi daga Wurno ba, ya sako na jiya da ya aje. Na faɗa wa innarku ina taƙama. Ta tsaya da tsinkar ganyen.

"Malam, ɗumame ba laifi ba ne. Amma in za ka ba baƙo, faɗa mishi na jiya ne."

Na ce mata ta bar wa masu aiki aikinsu. Wallahi haka na ce, kuma har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi.

Azumin shekarar ya faɗo cikin damina. Na kafa wayar a wani ɗan akwatin katako jikin bangon masallaci, na kai babban akwatin tunga da faifan sola da batir, munka ɗaure eriya bisa doguwar gora a ƙofar gidan Sarkin Ruwa, shugaban masuntan wurin. Ranar farko da muryar Malam ta fito sumul babu gargada, Adda ta sa aka ɗauko ta bisa tabarma har gindin gorar. Da Baba Ladan ya kira magariba ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka, dabino a hannunta ta manta da shi. Ni ma na yi, ba na ɓoye muku. Kafin kwana goma mutanen tunga sun daina ɗaga kai su dubi rana, lasifika suke jira. Labari ya kai Taloka da Kagara da Lahodu, dattawansu sunka aiko a kawo musu irin shi. Ina tafe a Wurno ana nuna ni da baki, ni kuwa kai ya kumbura, hula na neman ƙin zama.

Wata ranar tsakiyar azumi hadari ya haɗo tun azahar, baƙi ƙirin, ya rufe Wurno ya rufe dam. Ruwa ya sauko da iska, wuta ta ɗauke, sabis ya tafi. Malam ya aiko cewa yau babu tafsiri. Na zauna gida ina tare yoyon ɗaki da kwanoni, ko kusa ban tuna da umurnin da na ba akwati ba. Shi kuwa akwati ba ya mantuwa. La'asar ta yi, ya jira, bai ji Wurno ba, ya sako karatun jiya. Kuma na jiyan nan giɓi gare shi, don gutsattsari da yawa ba su iso ba, shi kuwa tsallake giɓi yake ya ci gaba. Sai karatun ya gajarce. Mutanen tunga na cikin bukkoki, ruwa na dukan rufi, sama ta yi duhu, sai sunka ji muryar da sunka sani ta ce Allahu Akbar. Kowa ya kai hannu ga fura da kunu. Adda ta ce min daga baya ta lura Malam na maimai, amma ta ɗauka don waɗanda ba su zo jiya ba ne. Sun ci sun sha, wasu har sun yi salla. Can sai hadarin ya yaye daga yamma, ga rana ja jawur zaune bisa ruwa, da sauran tafiya a gabanta. Sarkin Ruwa ya ce loma na bakinshi ya rasa ko ya haɗiye ko ya tofar. Da ta faɗi da gaske, wani daga cikinsu ya sake kiran salla. Magariba biyu ke nan a yini ɗaya.

Da safe sabis ya dawo, Sarkin Ruwa ya kira ni.

"Malam Umaru, mi yas samu Ladanku? Ya sa mun sha ruwa rana tsaye, manya da tsofaffi. Da kunnuwanmu munka ji shi."

Kafin ya rufe baki na san abin da ya faru, na san shi sarai kamar sunana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Subhanallahi, bari in bincika." Ɗiyana, wagga kalma ita ce mafi muni da na taɓa faɗi a rayuwata. Ba ƙarya ba ce a baki, amma ƙarya ce a zuciya. Na tuna Taloka da Kagara da Lahodu, na tuna shekara biyu na ƙona ido, na ce bari in yi shiru ƙurar ta kwanta. Ni da ba na iya jure shirun na'ura, sai ga shi na iya nawa.

Ƙurar ba ta kwanta ba, kan tsoho ta sauka. A Wurno babu mai iya shaida, don ran nan lasifika ba wuta, ruwa na zuba, kowa a ɗakinshi ya buɗe baki, waɗanda sunka je salla sun tarar an riga an kira. Mutane kuwa sun ɗauka wayar bango na jin komi kullum. Duk mutanen tunga na cewa sun ji shi, ga idanunshi da yana. Dattawan masallaci sunka zauna, sunka je gidanshi da ladabi sunka ce ya huta, Allah ya saka. Wani ya karɓi kiran. A rana ta ukku na wuce ta ƙofar gidanshi na same shi zaune bisa dakali, carbi a hannu ba ya ja. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kamo hannuna.

"Umaru, kai ka san na'ura. Gaya min tsakani da Allah. Ni na san sau guda na kira, bayan ta faɗi. Amma mutane da yawa haka ba su haɗuwa bisa ƙarya. Ko na kira ban sani ba? Ko hankalin nawa ne ya fara tahiya?"

Na ce mishi Allah ya sauwaƙe, na tashi. Na shiga gida na tarar da innarku ta aje min ruwan alwala ba ta ko dube ni ba. Ta daɗe da ganewa, jira take ta ga ko mijin da ta aura namiji ne.

Ta ce, "Ɗumamen ne, ko?"

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "To ni ba ni dafa wa mutum buɗa-baki yana azumi da naman tsoho a bakinshi."

Na miƙe. Na tada babur da rana tsaka, da azumi a bakina, na kama hanyar Goronyo cikin caɓi. Na faɗi sau biyu, na tashi. Na kwance akwatin daga gindin gora, na ce wa Sarkin Ruwa ya hau bayana, yau zai ji wanda ya karya musu azumi. Munka iso Wurno ana sallame la'asar, masallaci cike ana jiran tafsiri. Na nemi izinin Malam, na sa aka kamo hannun Baba Ladan aka zaunar da shi sahun gaba. Na haɗa akwatin da lasifika na sako kiran da tunga ta ji.

Na ce, "Jama'a, ku kasa kunne. Ran nan ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Kun ji ruwa a bayan wagga murya?"

Aka yi tsit. Babu ruwa, babu iska. Sai kukan tsuntsaye na komawa bisa itacen ƙofar masallaci, da wani mai babur da ya wuce yana oda. Na ce wannan kiran jajibirin ranar ne, bisa lokacinshi aka yi shi. Na ce ni na umurci akwati ya sako na jiya ba tare da ya faɗa ba, kuma na san haka tun safiyar farko na yi shiru. Wannan na ƙarshen babu wanda ya tambaye ni, amma na ga in na rage shi to ban wanke tsohon duka ba. Masallaci ya ɗauki salati. Sarkin Ruwa ya dube ni kamar ya shaƙe ni, sai dai wurin ba wurin shaƙa ba ne. Malam ya ce mutanen tunga su rama yini guda bayan salla, babu kaffara a kansu, a kuma mayar wa Ladan da kiranshi yau ɗin nan. Na matsa gaban Baba Ladan na duƙa na ce ya yafe min. Na kama hannunshi, sai ya ce:

"Kuskure na kowa ne, Umaru. Amma kwana ukku ka bar ni ina tuhumar hankalina, kana gaishe ni."

Ya janye hannunshi. Ya kira magaribar ran nan, amma har azumi ya ƙare in na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

An cire wayar daga masallaci. Taloka da Kagara da Lahodu sunka aiko cewa sun fasa. Adda ta ƙare azuminta babu tafsiri, kuma ba ta ce min uffan ba, wanda ya fi min zagi ciwo. Abokai sun ce in jefa akwatin a dam in huta. Na ce a'a, akwati bai yi ƙarya ba, abin da na koya mishi ya yi, don haka sai na sake koya mishi. Na sa kowane gutsure ya zo da lokacin da aka faɗe shi, in ya tsufa a zubar. Na goge umurnin ɗumame. Na ɗauki muryata ina cewa, "Sabis ya yanke, ku yi haƙuri," in ya faɗi haka sau guda sai ya kama bakinshi. Kiran salla kuwa na hana shi bi ta ciki har abada, da Malam ya shafa fatiha wayar ke mutuwa. Da wannan gyara ne aka yarda aka maida shi a shekara ta gaba, akwatunan da kunka tashi kuna gani a ƙauyukan nan duk jikokinshi ne. Amma ba wannan ne ya dame ni ba a lokacin.

Mutanen tunga sunka sa ranar ramuwa, wata Alhamis bayan salla. Ni azumina bai karye ba, amma na ɗauki niyya tare da su. Da hantsi na je ƙofar Baba Ladan na ce mutanen da sunka sha ruwa da muryarshi ta jiya suna so su sha da ta yau, daga bakinshi, kuma ba zan tashi daga dakalin nan ba sai ya hau babur ɗina. Ya ce in yi ta zama. Na zauna. Azahar ta yi, ya je ya kira ya dawo ya same ni. Ya shiga gida, can sai ga shi da sanda da babbar riga, yana faɗa da iska cewa wanga yaro tun yana ƙarami kanshi dutse ne. Ina da jikoki a lokacin, amma na karɓi yaron da hannu biyu. Duk tsawon hanya ya riƙe rigata tamau.

Munka iso rana ta yi sanyi. Duk tunga ta fito bakin ruwa, an shimfiɗa tabarmi, an jera ƙoren fura da soyayyen kifi, an ɗauko Adda an aje ta gaba. Sama tas, babu ko ɗigon girgije. Baba Ladan ya tsaya ya fuskanci yamma ya daɗe yana ƙifta idanu. Na san haske kawai yake gani. Ga Sarkin Ruwa nan, ga dattawa masu lafiyar ido, amma sai ya miƙo hannu baya yana lalube.

"Umaru. Zo duba min ita."

Na matso gefenshi. Na kafa mata ido har gefenta na ƙarshe ya nutse a ruwa, na ƙara jira, na sake jira, har mutane sunka fara gyaran murya.

Na ce, "Ta faɗi, Baba."

Ya ce, "Ta yau ce, ko ta jiya?"

Bakin ruwan nan ya kwashe da dariya, Adda har da tafi. Ni dai hawaye ke zuba a gemuna.

Na ce, "Ta yau ce, Baba. Da idona na gani."

Ya ce, "To na yarda."

Ya miƙa min sandarshi in riƙe, ya juya gabas, ya ɗaga hannuwa zuwa kunnuwanshi.